Wuta Ba Ta Sallama

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa
da jika bakwai ƙulle a bakin wando,
ladan wata uku na riƙon tsani
da miƙa ƙusa da sharar ɓawon waya.
Maigida Nomau na gaba, ina biye,
yana tafe kamar mai zaɓen ragon layya.
Ya ce, "Yau za ka sayi abin da zai tsaya
tsakanin tafin hannunka da wuta."

A rumfar Agali turnabis sun yi sahu,
ja da ɗorawa, suna ƙyalli kamar alewa.
Na kai hannu ga wadda ta fi kyau,
dala arba'in, har da 'yar ƙugiya.
Nomau ya karɓa, ya murɗa ƙotar sau ɗaya,
robar ta dare kamar ɓawon gujiya.
"An ce araha ba ta ado.
A sana'armu makara take saye. Aje ta."

Ya ɗaga pensa ya saita da rana,
ya haɗe bakinta, ya kanne ido:
in haske ya ratsa tsakanin haƙora
ba cizo take ba, dasashi ne kawai.
Ta uku ce ta rufe baki ruf,
roba mai kauri har wuya,
da lambar dubu a jikinta.

Testa kuwa, sai da ya sa Agali
ya kai mu inda firjinsa ke gurnani.
Ɗan jan idon ya kama. "To, tana da rai.
Kullum fara gwada ta inda ka san da wuta,
don matacciyar testa shaidar zur take yi,
kuma ba a ɗaukaka ƙara a kanta."

Kuɗin suka ƙare ban sayi mitar awo ba.
Na koma Bilbis da abu uku a leda,
da dala shida, da yunwa.

Yatsu biyu na hannunsa na dama
sun lanƙwashe tun kafin a haife ni.
Ban taɓa tambaya ba.
Ranar da ya ga zoben azurfa a hannuna
ya miƙo su kusa da hancina, bai ce komai ba.
Na zare, na kai wa inna, na ba ta.

Sai ranar Talata a Wadata,
gidan Hajiya Zali, zafi kamar bakin tanda.
An ɗauke wuta tun hantsi, gari tsit.
Ta ce, "Hau mana, yaro, me kake jira?
Ko kwan fitila ɗaya ba ya ci a unguwar nan."
Kunya ta kama ni. Nomau ya tafi salla.
Na ɗora ƙafa a matakin farko,
na sauko.
Na je bayan ƙofa na kashe kanta,
na liƙe madannin da baƙin salatif,
na ce wa jikanta kada kowa ya taɓa.
Hajiya ta yi tsaki, ta ci gaba da fifita.

Ina sama, takalmin roba a busasshen katako,
jan ƙarfe tsirara tsakanin yatsuna biyu,
sai ihun yara ya tashi daga lungu zuwa lungu:
"An kawo! An kawo!"
Fankar maƙwabta ta soma juyi,
rediyon mai shayi ya kama magana daga tsakiya.

Na dubi wayar.
Sanyi ƙalau, kamar igiyar guga.
Gwiwoyina ne kawai suka ɗauki rawa.

Da Nomau ya dawo ya ga salatif ɗin,
ya dube ni, ya dubi silin,
ya ce, "Ɗaurin nan naka ya karkace, sake shi."
Da yamma, a hanyar tabkin Babaye,
ya tsaya ya saya mini tsire na dala ashirin,
har da hanta.